Daga kwalarar 1865 zuwa zafin 2024: abin da tarihin Hajji ya koya mana game da ceton rai

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman wanda ya biya wa iyayensa kujerar Makka ko yake shirin biya.

Shekaranjiya da daddare wani abokina da muka taso tare ya kira ni. Allah Ya hore masa, ya biya wa mahaifiyarsa kujera. Na yi masa murna ƙwarai. Can sai ya sassauta murya ya ce, "Malam, ko ka san wanda zai ɗan gyara mana takardar gwajin lafiya?" Hajiya ta kusa tamanin, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma in ta yi tafiya daga ɗakinta zuwa zaure sai ta zauna ta huta. Na ce masa ban sani ba, ko na sani ma ba zan haɗa shi ba. Sai ya ce mini, "To ai ko rasuwa ta yi a can, rabo ne." Muka yi sallama kowa ransa ba daɗi. Tun daren nan maganar take cina, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ni na yi aikin Hajji a 2024. A ranar 17 ga Yuni ta shekarar, hukumar kula da yanayi ta Saudiyya ta auna zafi a Harami ya kai digiri 51.8. A ranakun jifa, a hanyarmu ta dawowa tanti, na ga wani dattijo cikin atamfar alhazanmu ya jingina da shingen ƙarfe yana magana ba kan gado. Na kusa da shi suka ce gajiya ce, wani ya ce a ɗura masa ruwa, wani ya ce a yi masa tofi. Da na taɓa wuyansa sai na ji kamar na taɓa bayan tukunya. Wani saurayi ɗan Indonesiya ne ya tsugunna, ya buɗe masa riga, ya riƙa kwarara masa ruwan sanyi a ka da wuya da hammata yana yi masa fifita da kwali, har masu agaji suka iso da gadon ɗaukar marasa lafiya. Mu da muke jin yarensa muna tsaye cirko-cirko, wanda ba ya jin ko "sannu" shi ya san abin yi. Wallahi har yau in na tuna kunya nake ji.

Da aka kammala Hajjin, ministan lafiya na Saudiyya, Fahad Al-Jalajil, ya sanar da cewa mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji. Ma'ana ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar da za ta ɗauke su, sun yi ta tafiya a ƙasa cikin rana. Wannan ya sa na koma na bi tarihin abin, sai na ga kusan duk wata doka ta lafiya da muke ƙorafi a kanta yau, gawarwaki aka ƙirga kafin a kafa ta.

Mu fara da zamanin annoba.

Kwalara ta fara shiga Makka lokacin Hajji a 1831. Amma wadda ta girgiza duniya ita ce ta 1865. Ƙiyasin da masu tarihi suka fi kawowa shi ne mutum kusan 15,000 suka rasu cikin alhazai wajen 90,000. Da jiragen ruwa suka kwashi masu komawa gida, sai cutar ta bi su zuwa Masar, daga can ta tsallaka Turai. A 1866 aka yi babban taron ƙasashe kan annoba a birnin Santambul, kuma maganar alhazai ce ta mamaye shi. Daga nan aka shiga kafa wuraren killace matafiya. Akwai na tsibirin Kamaran a Bahar Maliya, inda ake tsayar da masu zuwa daga Indiya da tsibiran Jawa. Akwai na El Tor a yankin Sina'i, don masu komawa ta Masar. Duk da haka a 1893 kwalara ta sake yin ɓarnar da ta fi ta baya.

Gaskiya ɗaya a nan ita ce, Turawa ba don tausayin alhazai suka yi wannan tsari ba, tsoron kada cutar ta isa garuruwansu ne. Alhazai sun sha wulaƙanci a waɗannan sansanoni. A El Tor ɗin nan ne a 1905 wani likita Bajamushe, Felix Gotschlich, ya gano wani nau'in ƙwayar kwalara a gawarwakin alhazai, aka raɗa mata sunan wurin. Wannan nau'in ne ya bazu a duniya tun daga 1961, ya shigo Afirka ta Yamma a 1970. Wato amai da gudawar da ke addabar garuruwanmu duk damina, sunan sansanin killace alhazai take ɗauke da shi.

Kakanninmu ma sun ɗanɗana. Masu tafiya a ƙasa daga Kano da Sakkwato da Borno sukan bi ta Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, su wuce Abeshe, su shiga Darfur, su yi ta noma da ƙodago a Sudan shekara da shekaru suna tara kuɗin jirgin ruwa. A Sawakin ake tsare su a yi musu allura kafin su tsallaka Jidda. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa ba su dawo ba. Zuriyarsu ce ke zaune a Sudan har gobe. A gidanmu akwai ƙanin kakana da ya tafi da matarsa da jaki ɗaya, labarin ƙarshe da aka samu nasa shi ne zazzaɓi ya kwantar da shi a hanya. A wancan zamani in mutum zai tafi Makka, yafiya ake yi da rabon gado, don an san abin da ke gaba.

Da jirgin sama ya zo, aka gyara ruwan sha, kwalara ta ja baya. Sai wata matsalar ta taso: yawan jama'a a ƙaramin fili.

Mina kwari ne tsakanin duwatsu, ba ya faɗaɗa. A 1975 tukunyar gas ta fashe a tantuna, wuta ta ci mutum kusan 200. A watan Afrilun 1997 wata gobarar ta tashi, iska ta kaɗa ta, mutum sama da 340 suka rasu, tantuna dubbai suka ƙone. Bayan wannan ne aka kawo fararen tantunan da wuta ba ta ci, waɗanda muke gani yau, aka kuma hana girki da gas a cikinsu. In ma'aikaci ya ƙwace maka risho a Mina, kada ka ce mugunta ce.

Ranar 2 ga Yulin 1990 aka yi turmutsitsi a ramin Mu'aisim da masu tafiya a ƙasa ke bi, mutum 1,426 suka rasu, da yawansu 'yan Indonesiya da Malesiya. A wajen jifa kuwa abin ya zama kamar na duk bayan 'yan shekaru: 1994 mutum kusan 270, 2004 kusan 250, Janairun 2006 sama da 340. Daga nan aka rushe tsohuwar gadar Jamrat aka gina mai hawa-hawa, aka mayar da ginshiƙan jifa dogayen bangaye, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka tsara wa kowace tawaga lokacinta.

An ɗauka an gama da wannan babi, sai ga 2015. Ranar 11 ga Satumba ƙugiyar gini ta faɗo a Harami, sama da mutum 100 suka rasu. Ranar 24 ga watan kuma, ranar Sallah, ayari biyu suka haɗu a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina. Saudiyya ta tsaya a kan adadin 769, amma da kamfanin dillancin labarai na AP ya tattara alƙaluman da ƙasashe suka fitar, adadin ya haura 2,400. Nijeriya kaɗai ta rasa sama da mutum 270. A ciki akwai Hajiya Bilkisu Yusuf, gogaggiyar 'yar jarida, da Farfesa Tijjani El-Miskin, da Mai Shari'a Abdulƙadir Jega na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Nijar da Mali da Kamaru su ma sun yi babban rashi. Duk wanda yake da wayo a lokacin ya tuna yadda aka yi makonni ana yawo da hotunan 'yan uwa a wannan dandali ana cigiya. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Akwai abin da likitoci suka fahimta daga waɗannan masifu wanda ya kamata kowa ya sani. A turmutsitsi, mafi yawan mutane ba tattake su ake yi su mutu ba. Matsi ne ke hana ƙirji buɗewa, mutum ya kasa jan numfashi, wani ma yana tsaye rai zai fita. Ƙwaƙwalwa kuma in ta yi 'yan mintuna babu iska ta fara lalacewa. Motar asibiti ba ta iya ratsa cunkoson mutum dubu ɗari cikin minti biyar. Saboda haka wanda zai ceci mutum a wannan lokaci shi ne na kusa da shi. Haka abin yake a bugun zafin rana.

Maganar zafi ma ba sabuwa ba ce. Watannin Musulunci suna matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, don haka Hajji yakan zagayo cikin tsananin bazara duk bayan shekara talatin da 'yan kai. A farkon shekarun 1980 ya faɗo cikin zafi, kuma a Hajjin 1985 da aka yi a watan Agusta sama da mutum 1,000 zafi ya kashe. A wannan zamanin ne wani likita ɗan Sudan, Mustafa Khogali, da abokin aikinsa Weiner suka fito da wani gado na musamman da ake kwantar da wanda zafi ya buge, ana fesa masa ruwa ana hura masa iska har jikinsa ya sauko. Har sunan Makka aka sa wa na'urar. Darasin da aka samu tun lokacin bai canza ba: in zafin jiki ya haura digiri 40 kuma mutum ya fara ruɗewa, a fara sanyaya shi nan take a inda yake, kafin a yi maganar kai shi asibiti. Abin da saurayin nan ɗan Indonesiya ya yi ke nan.

Sai sanƙarau, wanda mu 'yan Arewa mun san shi farin sani. A Hajjin 1987 ya ɓarke, alhazai suka koma da shi ƙasashensu, daga nan Saudiyya ta wajabta allurar rigakafi. A 1996 annobar ta yi mana mummunar ɓarna a Arewacin Nijeriya, sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, kuma a shekarar Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga. Manyanmu suna tuna yadda maniyyata suka kwance jakunkunansu suna hawaye. A 2000 da 2001 wani sabon nau'in mai suna W135 ya ɓulla a Hajji, ya bi alhazai har Ingila da Faransa, a 2002 kuma ya yi ɓarna a Burkina Faso. Shi ya sa aka koma allurar da ke kare nau'i huɗu. To ɗan uwa, in ka sayi katin allura ba a yi maka allurar ba, wa ka cuta? Kanka, da wanda zai kwana kusa da kai a tanti, da jikokin da za su rungume ka ranar da ka dawo.

A 2014 Ebola ta sa an hana 'yan Gini da Laberiya da Saliyo zuwa. A 2020 korona ta mayar da Hajji na mutane ƙalilan mazauna Saudiyya, a 2021 aka ba kusan 60,000 dama. Mun ga Ka'aba babu kowa a talabijin, abin da ba mu taɓa zaton gani ba.

A yi adalci, Saudiyya ta zuba dukiya a wannan fanni. Akwai asibitoci a Mina da Arfa da ba sa aiki sai a kwanakin Hajji. Ana yi wa alhaji aikin zuciya da wankin ƙoda kyauta. Ranar Arfa ana jera motocin asibiti a kai marasa lafiyar da ke kwance su yi tsayuwa a mayar da su. Tun wajen 2010 suka mayar da kula da lafiyar babban taro wani fannin ilimi mai zaman kansa, har Hukumar Lafiya ta Duniya tana aiki da su a kai. Mu ma hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2006, tana tafiya da tawagar likitoci da ma'aikatan jinya tana buɗe ɗakunan shan magani a Makka da Madina. Amma 2024 ta nuna iyakar wannan duka. Asibiti yana nan, gado yana nan, likita yana nan, mutum kuma ya faɗi a titi kilomita biyu daga wurin.

To ina namu laifin yake?

Na farko, gwajin lafiya da muka mayar da shi cika takarda. Ana ɓoye ciki, ana ɓoye ciwon ƙoda, ana ɓoye tsufan da ya taɓa hankali. Na ga tsohuwar da ba ta san sunan masaukinta ba, ba ta san garin da take ba, an sako ta jirgi ita kaɗai don 'ya'ya su ce sun kai uwarsu Makka. Malamai sun gaya mana Hajji yana wajaba ne a kan mai iko, kuma lafiyar jiki tana cikin ikon. Shari'a ta buɗe ƙofar a yi wa wanda ya gaza aikin, ta buɗe ƙofar wakilci a jifa, ta ba masu rauni damar barin Muzdalifa da dare. Mu ne muke rufe ƙofofin nan da hannunmu saboda a kira mu Alhaji da Hajiya. Sayyidina Umar ma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma ba wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu.

Na biyu, bita. Ana shafe makonni ana koya wa maniyyata ɗawafi da sa'ayi, wannan daidai ne. Amma a wurare nawa ake ware ko awa biyu a koya musu alamomin bugun zafi, da yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, da yadda mutum zai kare ƙirjinsa da hannuwansa in cunkoso ya matse? Mutum nawa ne cikin alhazanmu suka san lambar 911 ta gaggawa, ko 997 ta motar asibiti? Mai ciwon suga nawa aka gaya wa cewa zafi yana lalata allurar insulin, kuma kada ya kuskura ya taka ƙasa ba takalmi, don ƙafarsa za ta iya ƙonewa bai ji ba?

Na uku, masu bin ɓarauniyar hanya. Wani ya karɓi kuɗinka ya ba ka bizar ziyara ya ce in an je za a san yadda za a yi. Yadda za a yi ɗin shi ne ka kwana a titi, ka riƙa ɓuya daga jami'ai, in jiri ya ɗebe ka ma ka ji tsoron neman taimako. Ku sake duba wancan kashi 83 ɗin.

Na huɗu, gaggawa da taurin kai. An ce kada a fita jifa da tsakar rana, an ba kowane tanti lokacinsa, sai ka ji wani ya ce shi ba zai bi tsarin kowa ba a ibadarsa. Ya ja tsofaffi biyar a bayansa, ba lema, ba gorar ruwa.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba sai an jira gwamnati ba a mafi yawansa. Duk wanda zai tura dattijo, ya kai shi wurin likitan da zai gaya masa gaskiya, ya kuma karɓi gaskiyar. In likita ya ce zai iya, to a haɗa shi da mai kula da shi takanas, ba "ga Hajiya nan, a riƙa dubawa" ba. A rubuta ciwonsa da magungunansa a takarda a sa a jakar wuyansa, a tanadi maganin da zai ishe shi har ya dawo. Hukumomin jihohi su tabbata kowane rukunin alhazai yana da aƙalla mutum biyu da aka koya wa agajin farko. Malaman bita su gayyaci likita ya zauna kusa da su, don maganar da ta fito daga bakin malami ita ce ke shiga kunnen tsohuwa. An ce Hajji ya fara fita daga tsakiyar bazara, gaskiya ne, amma wanda ya san Makka a watan Mayu ya san ba sanyi za a tarar ba.

Kuma kada mu ɗauka darasin na Makka ne kaɗai. Dubi tarukanmu na gida: Mauludi, Maukibi, wa'azin ƙasa, rufe tafsiri, filin Idi, rabon zakka da kayan azumi. Mutum dubu nawa muke tarawa a fili mai ƙofa ɗaya? Motar asibiti nawa ke tsaye? Wa ya san inda za a bi da wanda ya faɗi? 'Yan agajinmu suna ƙoƙari matuƙa, amma da yawansu an ba su kaki da sanda ba a ba su horon ceton rai ba. Mun sha jin mata da yara sun mutu a wajen rabon sadaka, a yi ta'aziyya, a ce ƙaddara, shekara ta zagayo a maimaita. Saudiyya da duk arzikinta sai da ta binne dubbai kafin ta gyara. Mu da muka samu darasin a kyauta, me muke jira?

Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma wanda Allah Ya ɗauki ransa cikin harami muna yi masa kyakkyawan zato. Amma wanda ya ɓoye ciwon uwarsa ya tura ta cikin zafin digiri hamsin, shi ma akwai tambayar da ke jiransa.

Abokina, na san za ka karanta wannan, kuma ka san don ƙauna na faɗa. Ka kai Hajiya a duba ta tsakani da Allah. In an ce za ta iya, ka nemi kujera ka bi ta, ka tura ta a keke da hannunka, wannan shi ne biyayyar. In an ce ba za ta iya ba, ka tambayi malamai yadda za a yi mata, ka kuma kai ta Umara lokacin sanyi in jikinta ya yarda. Ta fi maka amfani tana zaune a ɗakinta tana sa maka albarka.

Likitoci da ma'aikatan jinya da suka taɓa aiki a tawagar alhazai, don Allah ku ƙara mana haske a ƙasa, ku gyara mini inda na yi kuskure. Wanda kuma yake da maniyyaci a gida, ya karanta masa wannan da bakinsa.

Allah Ya kai alhazanmu lafiya Ya dawo mana da su lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.